Tambaya da Amsa: Wace jaket ɗin fata zan saya don hawa babur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Funtuwa, ina aiki a Zariya, kuma duk Litinin da asuba nake kama hanya a kan babur. Na ga jaket biyu a wurin masu gwanjo. Ɗaya tana sheƙi, ba nauyi, ga araha. Ɗayar tsohuwa ce, ta ɗan koɗe, tana da nauyi, kuɗinta kuma ya kusa ninka na farkon. Wacce zan ɗauka? Ina son wadda zan iya shiga ofis da ita. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Raina ya fi kwanta wa tsohuwar nan mai nauyi, amma ka koma ka dudduba ta kafin ka biya.

Na taɓa zamewa a kan yashi a wata kwana da ke hanyar garinmu, ba ma gudu nake ba. Rigar da ke jikina ta kece nan take, kwalta ta ƙuje mini gwiwar hannu da kafaɗa, na yi sati uku ba na iya kwanciya ta ɓangaren dama. Tun daga ranar, abin da na fara tambaya game da jaket shi ne ko za ta tare mini kwalta.

Mai sheƙin nan ina zargin roba ce aka shafa a kan yadi. Ka leƙa cikinta ta inda shafi ya ɗan buɗe. Bayan fata ta gaske gashi-gashi ne kamar cikin jakar dukawa, na roba kuwa saƙar zare za ka gani. Ka shinshina, ka danna da yatsa: fata tana yamutsewa ta koma, kuma ƙananan ramukanta ba su zuwa iri ɗaya. Ta roba, zafin ƙasarmu kaɗai ya isa ya sa ta fara ɓarewa a wuya da hammata. Ko da fata ce ta gaske, in ta tunkiya ce mai laushi, ta ado ce, saurin yagewa gare ta. Ta hawa babur galibi ƙirgin saniya ne mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, shi ya sa take da nauyi. Ta akuya ma tana da ƙarfi in an bar ta da kaurinta.

Sai ɗinki, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Fata mai kyau ba ta da amfani in ɗinkin kafaɗa ya ɓalle da faɗuwar farko. Ka ja gaɓar da hannu biyu, ka ga ko layi biyu ne. Ka nemi aljihunan ciki a kafaɗa, gwiwar hannu da gadon baya, inda ake zura matashin kariya. In ka ga tambarin CE da lamba EN 17092, an gwada ƙarfinta bisa ƙa'idar Turai. A matakan wannan gwaji, AAA ce ta sama, sai AA, sai A. Tsofaffin jaket da yawa ba su da wannan lamba don an ɗinka su kafin a fito da tsarin, wannan kaɗai bai sa su zama marasa kyau ba. Zif kuwa, na ƙarfe mai tambarin YKK ya fi ƙarko, in ma ya mutu, dukawan Ƙofar Wambai a Kano za su sauya maka.

Ka gwada ta a zaune kan babur ɗinka, hannuwanka riƙe da kan babur ɗin. Hannun rigar ya rufe wuyan hannu, bayan kada ya ɗage, kuma kada ta yi burum-burum, don matashin zai goce daga inda ya kamata ya tsaya.

Gaskiya guda: daga Maris zuwa Mayu za ka sha zufa a cikinta. Ka nemi mai shafin ciki da ake cirewa da zif, da 'yan ƙofofin iska a ƙirji, ta yadda za ta yi maka sanyin asubar hunturu da kuma bazara. Don ofis, ɗauki ruwan ƙasa ko baƙa marar manyan rubuce-rubuce.

In ruwan damina ya dake ta, ka rataye ta a inuwa ta bushe da kanta, ban da rana, ban da kusa da wuta, kuma kada ka ƙunshe ta a leda, fumfuna za ta yi. Ni da hunturu nakan shafa wa tawa man kaɗanya kaɗan, amma yana ɗan duhunta launi, don haka ka fara gwadawa a ƙarƙashin kwala.