Bashin da ma'aurata suka ci tare, bayan saki da karayar arziki

'Yar'uwa, kin tambaya ko kin kuɓuta daga bashin gida da na mota da ku biyu kuka sa wa hannu, tunda kotun da ta raba aurenku ta ɗora wa tsohon mijinki biyan su, shi kuma yanzu yana shirin neman kotu ta ayyana cewa arzikinsa ya karye. Ki yi haƙuri da amsar, amma ba ki kuɓuta ba tukuna.

Hukuncin saki yana aiki ne tsakaninki da shi kawai, domin bankin ba ya cikin shari'arku, kuma babu abin da ya canza a takardar da kuka sa wa hannu. Irin wannan yarjejeniya takan ba banki damar bin kowane ɗayanku kuɗin gaba ɗaya, ba rabi ba. Idan kotu ta sauke masa nauyin bashin saboda karayar arziki, shi kaɗai aka sauke wa, sai masu bin bashi su juyo kanki. Na daɗe ina aikin ba masu bashi shawara, kuma abin da ya fi sosa mini rai shi ne ganin mutum ya zo da takardar saki a hannu yana zaton ta kare shi, alhali an riga an fara rubuta jinkirin biya a tarihin bashinsa.

Inda kike zaune yana da tasiri sosai. A Amurka, kuɗin ciyar da 'ya'ya da na kula da tsohuwar mata ba ya faɗuwa, ko da a ƙarƙashin wane babi na dokar karayar arziki mutum ya shigar da ƙara. Amma alƙawarin da ya ɗauka wajen rabon dukiya, kamar cewa shi zai biya bashin motar, hukuncinsa ya bambanta: tun gyaran dokar 2005 ba a yafe shi a Babi na 7 (inda ake sayar da dukiyar mutum a biya masu bin bashi), sai dai ana iya yafe shi a Babi na 13 (inda mutum ke biyan bashi a hankali daga abin da yake samu) idan mutum ya kammala tsarin biya na shekara 3 zuwa 5. Shi ya sa nake matsa wa mutane su sake karanta hukuncinsu da kyau, domin a san ko ciyarwa aka nufa da alƙawarin ko rabon dukiya. A Ingila kuwa, yawanci bayan shekara 1 ake sallamar mutum daga matsayin wanda arzikinsa ya karye, amma rabonsa na gidan yana komawa hannun wakilin da ke tattara dukiyarsa saboda masu bin bashi, kuma wakilin zai iya neman a sayar da gidan.

Shawarata ita ce kada ki jira ya shigar da ƙarar. Ki nemi cikakken jerin duk bashin da sunanki yake ciki, ki rufe katin bashi da asusun da kuke amfani da su tare, sannan ki ga lauyan da ya san fannin karayar arziki, ba na aure kaɗai ba. Idan kina son riƙe gidan, ki tabbatar biyan wata-wata bai tsaya ba, ki kuma adana shaidar duk abin da kika biya a madadinsa, domin da ita za ki nemi haƙƙinki a kotu. Motar kuwa, in ba zai iya mayar da bashinta da sunansa shi kaɗai ba, a ganina gara ku sayar da ita yanzu a biya banki.