Wace Linux zan saka a kwamfutar gida? Amsoshin wannan makon

Salamu alaikum jama'ar Damagaram. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 saƙonni suka yi mini yawa, kowa da tsohuwar ordinatar ɗinsa wadda Windows 11 ta ƙi hawa, kowa na tambayar wace Linux zai saka, wato tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sakawa a madadin Windows, mai iri-iri. Na tsinci biyar, sauran ku yi haƙuri.

Wata Hajiya daga Birni ta ce: "Ɗana ya tafi karatu ya bar mini kwamfutarsa, a ciki nake ajiye hotunan bikin ƴata da lissafin masu karɓar turaren wuta bashi. An ce mini ta ƙare tunda Windows ta ƙare, wallahi ko barci ban yi ba. In sayi sabuwa?"

Hajiya ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya ƙare. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi yadda ta saba, gyaran tsaro ne kawai aka daina turo mata, wato kamar gida ne da mai gadi ya bar aiki amma ƙofa na nan. Kada ki ɓarar da jarinki kan sabuwa. A saka miki Linux Mint, kyauta ce, wani Bafaranshe Clément Lefèbvre ya fara ta a 2006, tana magana da Faransanci, kuma menu ɗinta yana ƙasa ta hagu daidai inda hannunki ya saba zuwa. Mint 22 ana kula da ita har 2029. In ram ɗin, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, giga 4 ne ki karɓi samfurin Mint da ake kira Cinnamon, in giga 2 ne ki ce samfurin Xfce. Amma Hajiya don Allah, kafin kowa ya taɓa ta a kwafe hotunan nan da lissafin a wuri biyu, ki buɗe su ki gani da idonki, don wurin sakawa akwai zaɓin da ke share faifan gaba ɗaya, kuma yaran shago da yawa shi suke dannawa saboda ya fi sauri.

Wani saurayi daga Garin Malam: "Kali Linux nake so don in riƙa shiga wifi ɗin mutane da Facebook ɗinsu. Nawa ake sakawa?"

Ba a sakawa. Kali an yi ta ne a 2013 don masu aikin gwada tsaron kamfanoni da izinin masu kamfanin, ba ta zaman gida ba ce, kuma kai da ko dosiye ba ka iya kwafewa ba abin da za ta tsinana maka. Ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Je ka yi karatunka.

Wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou: "Malam, memwar nake rubutawa, Ubuntu ko Fedora? Sannan na sayi kile na USB mai giga 128 a jikka biyu, sau uku ina sa Ubuntu a kai tana tsayawa a tsakiya."

Ƙanena, Ubuntu 24.04, wadda ake cewa LTS, shekara biyar ake kula da ita, Fedora kuwa kowane wata shida sabuwa ke fitowa, bayan wata 13 ko makamancin haka an bar tsohuwar, kai ne kullum cikin sauke kaya da forfe ɗinka. Ko Ubuntun ma fayil ɗinta ya kai wajen giga 6, na Mint bai wuce rabin haka ba, kuma Mint daga jikin Ubuntu aka cire ta, to ka yi lissafi. LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa da su, zai buɗe maka takardun Word, amma teburori da lambar shafi sukan goce, saboda haka abin da za ka kai wa malaminka ko wurin bugawa ka mayar da shi PDF.

Yanzu mu zo kan kile ɗin nan, don nan ne raina ya ɓaci. Giga 128 a jikka biyu? Kai da kanka ka san kuɗin buhun gero, ka san ba a sayar da rago a kuɗin zakara, amma da aka zo kan kayan lantarki sai hankali ya tafi kiwo. Abin da masu jabun nan ke yi shi ne su ɗauki ɗan guntun ma'aji mai giga 4 ko 8 su sauya masa lissafi a ciki yadda zai riƙa gaya wa kwamfuta cewa shi 128 ne, kwamfuta kuwa ba ta musu, abin da aka gaya mata shi take nunawa. Kana zuba kaya yana karɓa, yana karɓa, ashe da ya cika sabon kaya kan tsoho yake hawa ko ya zube a banza, sunayen fayil suna nan reras amma ciki wayam. Ni ma an yi mini, shi ya sa nake zafi. Wurin wani mai tebur na saya, kwalinsa na ƙyalli har da tambarin kamfani, na zuba hotunan sunan ɗana na fari na share na cikin waya don in samu wuri, bayan sati biyu kakarsa ta ce a nuna mata, na buɗe, guda ashirin na farko suka fito, sauran duk wani tokan murabba'i ne babu fuska babu komai, tsohuwa na zaune kan tabarma tana jira ni kuwa gumi na keto mini. Har yau in maganar ta taso uwargida sai ta harare ni.

Kuma ba kile kaɗai ba, katin memori, caja, batiri, har SSD, wato faifan ajiyar kwamfuta, yanzu ana yin na bogi. Sai mutum ya sa Linux a kan ruɓaɓɓen kaya ta ƙi tashi, ya koma fada yana cewa Linux ba ta da kyau. Giga 8 na gaskiya ya ishe ka saka Mint ko Ubuntu. Ka gwada shi ranar da ka saya, a Windows da H2testw, a Linux da f3, su za su cika shi dam su sake karantawa su faɗa maka girmansa na ainihi. Mai shagon da ya ƙi yarda ka dawo da shi in ya faɗi gwaji, ka bar masa kayansa. Kuma memwar ɗinka kada ka kuskura ya kwana a kile ɗaya tak, ka riƙa tura wa kanka ta imel duk dare.

Mai shagon fotokofi a Zango: "In mayar da injin shago Linux?"

Kada ka taɓa abin da kake cin abinci da shi a tsakiyar aiki, Alhaji. Photoshop ba ya aiki a Linux kai tsaye, GIMP kuwa, madadinsa na gyaran hoto, sai an koya. Ka tada Mint daga kile ba tare da ka saka ta ba, ka jona firinta da sikana ka gani, na HP galibi suna tashi, wasu kuwa sai an sha wuya. In komai ya yi, ka fara da ta gida.

Na ƙarshe, wani malamin lakwal daga Mirriya yana da tsohuwa mai 32-bit da ram giga 1. Malam, Ubuntu da Mint na yanzu duk sun bar irin wannan, antiX ce za ta ɗauke ta, rubutu da lissafin maki za su yi, YouTube kuwa kada ka sa rai. Tunda ka ce daga Kano aka kawo ta, duba madannanta kafin ka fara, nasu QWERTY ne namu AZERTY, in ka zaɓi na Faransa wurin sakawa za ka danna a ta rubuta q, kalmar sirrinka ma ka rasa abin da ka rubuta. Sannan ka ba mai gyara ya hure mata ƙurar hunturu daga fanka tukuna, na tabbata tun da ta zo ba a taɓa buɗe ta ba.