Mijin ƙanwata ya samu taɓin hankali, an sa shi ya rubuta saki: auren ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Bayan an ɗaura wa ƙanwata aure muka gano mijin yana da taɓin hankali tun kafin biki, danginsa suka ɓoye. Yanzu idan abin ya motsa har wuƙa yake ɗauka, ta dawo gida da goyo. Kawunmu ya je ya same shi a cikin wannan hali, ya sa ya rubuta saki. Wani malami ya ce ma ko ba takarda, mahaukaci ba shi da aure, ta fara idda kawai. Ga shi wani ya fito neman ta. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki dakatar da maganar manemin nan tun yau, domin ƙanwarki matar aure ce har yanzu.

Haƙƙin rabuwa tana da shi. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, hauka na cikin aibobin da ke ba wa mace zaɓi, tare da kuturta da albaras. A Muwaɗɗa an kawo maganar Sa'idu bin Musayyib cewa matar da ta tarar da hauka ko wata cuta mai cutarwa a jikin mijinta, in ta so ta zauna, in ta so ta rabu. To amma alƙali ne ke raba auren.

Wannan magana ta "mahaukaci ba shi da aure" ta ishe ni. Kusan kullum sai an zo mini da ita ofis, kuma daga bakin mutanen da ko babin aure na Risala ba su sauke ba, amma suna zaune a zaure suna yanka wa mutane hukunci. Ina suka samo ta? Aure an ƙulla shi da waliyyi da shaidu da sadaki, ciwo ba ya kwance shi. Takardar da kawunku ya karɓo kuwa ba ta da amfani, domin sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, malamai ba su yi saɓani a kan haka ba. Na sha ganin irinta: an yago takarda daga littafin makaranta, rubutu ya karkace, wani lokacin ma dangwalen yatsa ne da tawadar biro, ga shaidu biyu da suka san sarai an riƙe hannun mutumin ne. Sai mace ta ƙirga jini uku, a ɗaura mata aure, ta haihu. Ana nan mijin farko ya samu sauƙi, ya zo kotu neman matarsa, ya kuma yi nasara. An yi aure kan aure ke nan, ga rikicin nasabar jariri. Malamin da ya ba da fatawar ba za ki gan shi a harabar kotu ranar ba, ita kaɗai za ta sha kunyar.

Ta shigar da ƙara kotun shari'ar Musulunci ta yankinku. Alƙali zai tambaye ta yaushe ta sani, kuma ko ta yarda ta ci gaba da zama bayan ta sani, don yarda tana zubar da zaɓin. Ta faɗi gaskiya. Ko zaɓin ya faɗi, ƙofar raba aure saboda cutarwa a buɗe take, tunda har da wuƙa. Idan ana sa ran warkewa, akan ba shi shekara guda ta neman magani, kuma ba a tilasta mata kwana ɗaki ɗaya da wanda take tsoro. Shekarar nan ta asibiti ce, irin su Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ba ta ɗaure bawan Allah da mari a gidan mai magani ana dukansa da sunan fitar da aljani ba. Da yawansu suna komawa sana'arsu idan suka riƙe magani, shi ya sa ban so a yi gaggawa.

Kada kuma a ruɗe ku da khul'i. Tunda an tare kuma aibin a wurinsa yake, sadakinta nata ne, ba za ta mayar da ko kwabo ba. Ku nemi katin asibitinsa na da, da rahoton likita, da maƙwabta biyu da suka ga abin da idonsu, ku tafi da su ranar zaman farko.