Likita, hannuwana sun riga fuskata tsufa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 53, ina zaune a Zariya. Bayan hannuwana ya yamutse, jijiyoyi sun fito raɗau, gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi. Ko a wurin biki kunyar miƙa hannu nake ji. Wata takwas ke nan ina shafa wani man haɗi da ƙawata ta saya min a Instagram. Fuska ta yi haske, amma hannu sai lalacewa yake, abu kaɗan ya taɓa ni sai fatar ta ɗaye. Ciwo ne ko tsufa?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Akwai tsufa a ciki, amma ba shi ne ya fi damuna ba. Fatar bayan hannu siririya ce, ba ta da maiƙo sosai, kuma idan mace ta daina al'ada, kitsen da ke ƙarƙashinta yakan ragu, jijiyoyi su bayyana. Ki haɗa da rana, hunturu, omo da wanke-wanke na shekara talatin. Wannan duk ba abin tashin hankali ba ne.

Waccan kwalbar ta man haɗin ita ce matsalar. Kusan kullum sai an kawo min irinta asibiti, ba suna, ba jerin abin da aka zuba, sai dai mai sayarwa ta rantse cewa kurkur ne da madara da zuma. Hajiya, kurkur ba ya sauya launin mutum cikin mako biyu. Abin da ke yin wannan aikin shi ne sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone da ake matsowa daga tub a juye cikin mai, ko hydroquinone, wani lokaci har da zaiba, wadda ke lalata ƙoda. Sitiroyid magani ne na gaske, mu ma muna rubuta shi, amma na 'yan kwanaki, a kan cutar da muka gani da idonmu. In aka ɗauki watanni ana shafa shi, sai ya cinye kaurin fata. To ki duba: fatar da shekaru suka riga suka sirantar, ita aka ƙara wa abin da ke sirantarwa. Shi ya sa take ɗayewa, ciwo kuma ya daɗe bai warke ba.

Baƙin gaɓoɓin ma yawanci daga nan yake. Fatar gaɓa tana da kauri da ninki, ba ta hasken da sauran ke yi, sai bambancin ya fito. Daga nan sai a sayar miki da wani ruwa na "wanke gaɓa" mai ɗaye fata, wurin ya ƙone, ya warke da baƙin da ya fi na da, ki koma ki sake saye. Kasuwa ta yi kyau ke nan. Tun 2023 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, amma har gobe yarinyar da ba ta san sunan sinadari ɗaya ba tana haɗa mai a bokiti tana kiran kanta ƙwararriya, muna kallo.

Kada ki yanke shafawar dare ɗaya. Bayan wata takwas fatar za ta iya yin bore, ja da ƙaiƙayi da ƙuraje, shi ne ke mayar da mata da yawa ga kwalbar. A hankali ake janyewa, ƙarƙashin kulawar likitan fata. A auna miki sukari da hawan jini, domin sitiroyid yana ratsa fata ya shiga jini, kuma baƙin gaɓa kan zo da ciwon sukari ko ƙarancin bitamin B12.

Kulawar kuwa ba ta da tsada. Bayan kowace alwala, tun hannu da danshi, ki shafa man kaɗanya ko Vaseline. Da dare ki yi amfani da mai ɗauke da sinadarin yuriya (urea) kashi 10 cikin 100. Safar hannu ta roba wajen wanki, man kariya daga rana mai lamba 30 a bayan hannu in za ki fita. Jan lalle na gargajiya ba laifi, amma ki bar baƙin da ake haɗawa da rinin gashi. Jijiyoyin ba za su ɓuya da mai ba, kowane iri ne, amma laushi zai dawo cikin makonni, launi kuwa sai an yi haƙurin watanni.

Ranar da za ki je asibiti, ki tafi da kwalbar a jaka.