Tambayoyi da Amsoshi: Tsohuwar Amfilifaya, Wayar Hannu da Kaset

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji amfilifaya da manyan sifikoki biyu daga mahaifina. Na jona wayata ta ramin da aka rubuta PHONO, amma sauti a daƙushe yake fitowa, bas ya cika kamar zai fasa sifika. Ta lalace ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah Ya jiƙan Baba. Lafiyarta ƙalau, ramin ne ba na waya ba. An yi PHONO don na'urar faifan garmaho kaɗai. Abin da allura ke fitarwa bai cika wuce milibolt 5 ba (milibolt dubu ne bolt guda), shi ya sa ramin ke ninka shi kusan sau ɗari, ya ɗaga bas, ya danne siririn sauti, domin tun wurin yanka faifai ake rage bas a ɗaga siririn sautin. Wayarka kuwa tana iya tura kusan bolt guda. Ka ga kaya ya fi ƙarfin ƙofa.

Koma AUX, CD, TUNER ko TAPE PLAY, duk aikinsu ɗaya. Nemi kebul mai bakin iyafis na milimita 3.5 a gefe guda, da kawuna biyu a ɗayan: ja na dama, fari na hagu. Sauke ƙarar amfilifaya ƙasa kafin ka jona, ka kai ta waya kashi uku cikin huɗu, sannan ka riƙa ɗagawa daga amfilifaya. Idan wayar ba ta da ramin iyafis, sayi ɗan mahaɗin USB-C mai DAC a cikinsa (wato ɓangaren da ke mai da sautin dijital ya zama wanda amfilifaya ke karɓa), don wanda babu DAC wayoyi da yawa ba sa karɓarsa. Ƙaramin akwatin Bluetooth mai kawunan ja da fari ma ya wadatar. In ka ji gurnani yayin da waya ke caji, zare cajar ka gwada. Galibi ita ce.

Tambaya: Na ƙara sifikoki biyu sun zama huɗu. Yanzu amfilifayar tana ɗaukar zafi, ta katse da kanta.

Amsa: Duba bayan kowace sifika, za ka ga an rubuta om 4, 6 ko 8, wato ma'aunin yadda sifikar ke tare wuta. A yawancin amfilifayoyi, in ka kunna A da B tare, wato wuraren jona sifikoki na farko da na biyu, sifikoki biyu ke hawa layi ɗaya a kowane gefe: masu om 8 biyu su koma om 4, masu om 4 biyu su koma om 2. Raguwar om na nufin ƙarin wutar da ake zuƙa, sai taranzistocin fitar da sauti su yi zafi. Katsewar nan kariya ce, kuma ka gode da akwai ta, don wasu tsofaffin ƙonewa kawai suke yi. Karanta rubutun da ke kusa da wurin ɗaura wayoyin sifika. Da yawa sun sharɗanta om 8 zuwa sama idan A da B za su yi aiki tare. Kada ka ɗora komai a kan ramukan shan iska. Murɗe zaren kowace waya sosai, don sili ɗaya da ya taɓa wayar da ke kusa da tasa ya isa ya jawo wannan katsewar.

Tambaya: Da na murɗa maɓallin ƙara sai in ji ƙaras-ƙaras, wani lokacin gefe ɗaya ya ɗauke.

Amsa: Datti ne da tsatsa a cikin maɓallin. Zare filogi, buɗe murfi, fesa ɗan maganin wanke mahaɗan lantarki ta kafar da ke jikinsa, ka murɗa shi ƙarshe zuwa ƙarshe sau ashirin ko talatin. Bari ya bushe kafin ka kunna. Ban da man keke ko na inji. Kada ka kai hannu ga manyan kondensa, suna riƙe wuta ko an zare filogi.

Tambaya: Ina da kasakasai da nake son juyewa a kwamfuta, amma rikodar tana cin zare.

Amsa: Hajiya, kada ki sake sa kaset mai daraja sai an gyara. Buɗe ƙofar kaset, za ki ga ƙaramar tayar roba da siririn ƙarfen da take matse zare a jikinsa. Su biyun ke jan zare santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma in tayar ta yi santsi ko danƙo sai zare ya naɗe. Goge ƙarfen da hed (kan da ke karanta sautin zare) da tsinken auduga da aka tsoma a sifirit, tayar kuma ki shafa kaɗan har auduga ta daina fitowa da launin ƙasa. In abin da ke naɗe zare a dama ba ya juyawa, bel ne ya saki ko ya narke ya zama baƙin danƙo. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne.

Wajen juyewa, ɗauko sauti daga LINE OUT na rikoda. Ramin makirufo na laftof ba zai yi ba, yana haɗe dama da hagu, sauti kuma ya fashe. Ƙaramin akwatin sauti na USB mai LINE IN kike buƙata, da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Saita ta a kilohaz 44.1, ki tabbata wurin da sauti ya fi ƙarfi bai wuce -6 a ma'aunin sauti na manhajar ba. Ajiye na asali a WAV, ki fitar da MP3 don waya.