Daga ina hasken zafi yake fitowa a fashewar gamma?

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka tambaya cewa, tunda littattafai sukan danganta hasken fashewar gamma, wato ɗan gajeren walƙiyar haske mai tsananin ƙarfi da ke zuwa daga can cikin sararin samaniya, ga ilektron masu kewayawa cikin filin maganaɗisu, ina ne asalin sashen da ake kira hasken zafi. Na daɗe ina koyar da fizis a nan Kaduna, ina kuma bin bayanan tauraron ɗan'adam na Fermi tun bayan harba shi a 2008, kuma batun yana buƙatar natsuwa.

Hasken zafi shi ne wanda siffarsa, wato yadda ƙarfinsa ya rarrabu tsakanin launuka, ta dogara ga zafin abin da ya fitar da shi kaɗai, kamar ƙarfen maƙeran Panteka da yake yin ja, sannan fari, gwargwadon yadda wuta ta ci shi. Idan ƙaton tauraro ya rufta, ko taurarin nutron biyu (dunƙulallun ragowar taurarin da suka mutu) suka haɗe kamar yadda aka gani a 2017, makamashi mai ɗimbin yawa yakan taru a ƙanƙanin wuri, zafi ya kai wajen digiri biliyan 10. A wannan hali ilektron da fozitron (kishiyar ilektron) sun cika wurin maƙil, haske ba ya taku ɗaya sai ya ci karo da su, saboda haka yakan ɗauki zafinsu. Masana Paczynski da Goodman sun bayyana haka a 1986, kowa a nasa aikin.

Wannan dunƙulen wuta yakan tunkuɗa kansa waje da gudun da ya kusa na haske, yana faɗaɗa yana hucewa, har ya iso inda ya yi shara-shara, hasken da ke tsare ya kuɓuce. Wurin nan shi ake kira fotosfiya, kuma daga nan hasken zafin yake fitowa. Ko da yake ya huce a hanya, gudun da yake yi zuwa gare mu yana ɗaga ƙarfinsa, shi ya sa muke ganinsa a matsayin gamma.

Sai dai kada ka sa ran tsantsar siffar Planck, wato siffar hasken abin da zafinsa ɗaya ne tak. Hasken yana kuɓucewa daga zurfi da kusurwoyi daban-daban, kuma karon da ake yi a ƙarƙashin fotosfiya yana sake ɗumama ilektron, siffar ta yi faɗi. Fashewar da aka sa wa suna GRB 090902B tana cikin waɗanda sashen zafinsu ya fito sarari, kuma a ganina ita ta fi dacewa ka fara da ita. Ka rarraba bayananta zuwa gajerun lokuta, domin zafin yana sauyawa cikin daƙiƙoƙi, haɗa su wuri guda kuwa yakan ɓoye shi.