Filin Ma'anar Kalmomi: "Midil" da Danginta

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa kakansa yakan ce "ni na yi midil", yana so ya san ko kalmar Hausa ce.

Kalmar aro ce daga "middle" ta Turanci, wato tsakiya. A zamanin mulkin Turawa yaro yakan fara da elementare, in ya yi ƙoƙari a ɗauke shi zuwa midil ta lardinsu, daga can kuma 'yan ƙalilan su wuce Kwalejin Katsina. Zamanta tsakanin waɗannan matakai biyu ya ba ta sunan. Midil ta Zariya ita ce Kwalejin Alhudahuda ta yau, ta Kano ta zama Kwalejin Rumfa, a ta Bauci kuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka koyar. Saboda haka kakanka ba ƙaramar magana yake yi ba. Bahaushe ba ya haɗa "d" da "l" a ƙarshen kalma, shi ya sa ya cusa wasali a tsakaninsu, kuma ya bar "l" ɗin yadda take, alhali a tebur da fensir ya mayar da ita "r".

A can gidanta, kalmar ta haura shekara 1000 a bakin mutanen Ingila, ana rubuta ta "middel" a tsohon Turanci. Ba daga Latin aka aro ta ba, sai dai kakansu ɗaya da "medius" ta Latin, da "Mittel" ta Jamusanci, da "madhya" ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, wadda ke cikin sunan jihar Madhya Pradesh da ke tsakiyar Indiya. Daga "medius" ɗin ne aka sami "Mediterranean", sunan da Turawa ke kiran Bahar Rum da shi, ma'anarsa tekun da ke tsakiyar ƙasa.

Wata malama daga Gusau ta tambaya ko daidai ne a fassara "middle class" da "aji na tsakiya".

Ba daidai ba ne, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, rediyo na kan tabarma, sai mai karanta labarai a wata tasha ya ce tsadar rayuwa ta fi taɓa 'yan aji na tsakiya. Mahaifiyata ta ajiye carbinta ta tambaye ni ko 'yan makaranta ake nufi. Ita ce mai gaskiya, domin aji a Hausa na ɗalibai ne. Mutanen da ba su kai attajirai ba, ba su kuma rasa na cefane da kuɗin makarantar yara ba, muna da sunansu tun kaka da kakanni: masu rufin asiri. Wanda ke son lafazin rahoto yana iya cewa masu matsakaicin ƙarfi.

Tushen matsalar shi ne mai fassara ya haddace cewa "middle" tsakiya ce, sai ya riƙa manna tsakiya duk inda ya ci karo da ita. Baturen ya ɗora wa kalma ɗaya ayyukan da mu muka rarraba wa kalmomi da yawa. Wanda ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, wanda suke kira "middleman", dillali ne, kuma duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen rago ya san shi da la'adarsa. Dare da rana da gida tsaka suke ɗauka, mu ce tsakar dare, tsakar rana, tsakar gida. Abin da ya shafi girma ko yawa matsakaici ne. Wanda bai goyi bayan kowa ba ɗan ba-ruwanmu ne, ko mu ce ya tsaya tsaka-tsaki. Gabas ta Tsakiya ta zauna daram saboda wuri ake nufi, kuma a wuri ne tsakiya ta fi ƙarfi. Mai fassara ya fara tambayar kansa abin da ake nufi, sannan ya nemi yadda mutanen unguwarsu ke faɗinsa.

Wani ɗalibi daga Maraɗi yana son bambancin "middle" da "centre".

Ta biyun daga "kentron" ta Girkanci take, ma'anarta tsini, irin wanda ake kafawa a zana da'ira, don haka ɗigo ɗaya take nunawa, ta farkon kuwa yanki ne mai faɗi. Mun ari ta biyun a matsayin santa, ta ƙwallo da ta jarrabawa, amma a rubutu cibiya ta fi kyau, kamar cibiyar bincike.

Wani kuma ya tambaya ko tsakar da ke cikin "tsaka mai wuya" ita ce tsakar da ke bin bango.

A'a, wannan tsakiya ce, irin ta wanda ya ga gaba kura baya siyaki. Ta bangon lafazinta daban ne, rubutun boko ne kawai ya haɗa su.